Motar Injiniya Taufiq a Ƙofar Gidana

Wata takwas da rasuwar maigidana Malam Iliya, maƙwabcinmu Taufiq ya shigo ya durƙusa rabi da rabi, ya ce yana son aron filin ƙofar gidana na sati biyu. Nan ne marigayi yake ajiye motarsa tun da muka tare a unguwar Perry Barr ta Birmingham. Na ce na ba shi. Washegari na ɗaga labule zan duba gari, sai na ga farin bango ya tare min taga. Wata ƙatuwar mota ce ya sayo a hannun wani tsoho a Manchester, da gado a ciki da murhu da banɗaki.

"Motar kwana ce wannan, Injiniya?"

"Motorhome, Inno. Motorhome ake cewa."

Injiniya nake ce masa, don na lura idan aka kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa sai an maimaita kafin ya ji. Ɗan Zariya ne, ya zo karatu ya zauna, yana aiki a wani kamfanin bututun ruwa. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, ana ganinsa a masallaci ranar Juma'a. Amma tun da nake da shi ban taɓa jin ya tambayi mutum abu don yana son sani ba. Idan ya ce maka ina gajiya, kafin ka buɗe baki ya fara gaya maka tasa. Ranar da ya karɓi fasfon Birtaniya, har ɗakina ya kawo shi ya ɗora min a cinya kamar jariri ranar suna.

Niyyarsa ita ce a watan Agusta ya kwashi matarsa Latifa da yaransu biyu, su hau jirgin ruwa a Dover, su ratsa Faransa, su hau tsaunukan Alps ta Suwizalan, su sauka ta Ostiriya. Sati uku cif. Ya ce wani abokin aikinsa ya yi wannan tafiya, har yau ofis ba a daina zancen hotunansa ba.

Tun daga kaka ya fara shiri. Duk Asabar yana cikin motar da taswira da jan biro. Ya nuna min wata hanya da ta naɗe dutse kamar rawani, ya ce lanƙwasa arba'in da wani abu gare ta, kuma ya san giyar da zai sa a kowacce. Ya ɗauko sikelin banɗakinsu ya auna tukwane da barguna da buhun shinkafa, don motar tana da iyakar nauyin da doka ta yarda. Ya sa iyalinsa kowa ya yi alwala a cikin roba, ya auna ruwan da kofin awo, ya ce wa Latifa tana ɓarna, ta rage. Ya gano ba a shiga da nama daga nan zuwa can, ya soke kilishi daga jerin guzuri da hannunsa yana huci. Har ya zana yadda zai riƙa juya motar a kowane zango don kada banɗakin ya fuskanci alƙibla. Wannan kam na yaba, ko da yake shi da kansa ya riga ni yabawa.

Latifa nas ce. Samun hutun sati uku a jere a wurin aikinsu sai an nema tun watan Janairu, kuma idan aka rubuta maka an rubuta ke nan. Shekara biyar rabonta da garinsu Funtuwa. Mahaifinta yana can, ciwon suga ya cinye masa ido, ƙafa ma ta fara. Duk shekara idan ta ce gida, Taufiq ya ce baɗi. Shekarar farko yana wani kwas, ta biyu ana gyaran kicin, sauran ma ban riƙe dalilansu ba. A gabana ta ce masa, "Baban Jannat, ka bar min hutun bana in je in ga Baba."

"Ba kullum kuna video call ba?" in ji shi, yana duba tayar baya.

Mutumin da ba ya gani. Na kalli Latifa, ta kalli ƙasa.

A jikin ƙofar motar ta ciki ya manna wata doguwar takarda, duk abin da ya kammala sai ya sa masa alama. Karatun bokona bai wuce aji biyar ba, amma ina haɗa baƙi. Ranar da ya shigar da ni in ga sabbin labulaye, na bi takardar da ido: sarƙar taya, fitila, buta biyu, maganin jiri. Can ƙasa ya rubuta fasfo huɗu, ya sa alama. Babu komai a gabansa.

Ni kuwa koren fasfo gare ni, irin na Latifa, don ita ma takardar zama kawai take da ita. Shekarar da 'yata da ke Manchester ta so kai ni Faransa, sai da muka yi wata biyu muna jiran ranar da za a ɗauki hoton yatsuna a ba ni biza.

Da Latifa ta leƙo da yamma ta kawo min magani, na ce, "'Yar nan, kin nemi bizar ƙasashen nan kuwa?"

Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. "Na sani, Inno."

"Shi fa?"

"Ya auna ruwan alwalata. Bai buɗe fasfona ba."

Bayan kwana biyu ta kawo wani akwati ta tura ƙarƙashin gadona. Kaɗan-kaɗan take cika shi: safa mai taushi, na'urar awon suga, rigar sanyi, 'yar rediyo mai manyan maɓallai da makaho zai iya lalubawa.

Abin ya tsaya min a rai. Ba na son in tsaya gaban Ubangijina da hannu a cikin ɓoye wa miji magana. Na yi ta istigfari, daga ƙarshe na ɗaura niyya zan faɗa masa, abin da Allah ya so ya faru. Wata Asabar a watan Mayu na same shi a tsaye gaban takardarsa, hannu a ƙugu.

"Inno, ke da kika ga jiya, me kike gani na manta?"

Na ce, "Injiniya, batun takardun Latifa ne, ka san irin fasfonmu..."

Ya yi dariya har da dafa mota. "Inno ke nan! Ai wannan ba tafiyarku ta Makka ba ce da ake ɗaura wa tsofaffi jaka a wuya. Europe ce, tsallaka ruwa kawai. Everything is under control." Sai ya buga goshi. "Gas! Tukunyar gas ɗinsu ta can ba irin tamu ba ce. Kin ga kin tuna min."

Na koma ɗaki na yi sallar walaha, raina wasai.

Saura kwana tara tafiya, ya zaunar da 'yarsa Jannat a cikin motar ta cike musu bayanan jirgin ruwa a kwamfuta. Ina shanya a waje, tagar motar a buɗe. Yarinyar shekararta goma sha huɗu, Hausarta a karye take, sai na ji ta da Turancin nan nasu na Birmingham: "Dad, Mum's Nigerian. Tana need visa."

"Ba ta buƙata. Matata ce."

"It says here tana buƙata."

Ya fizge kwamfutar. Yana ta dubawa har na gama shanya zanin gado biyu. Ya yi kwana uku yana buga waya, ranar ganawar biza da ya samu mafi kusa tana tsakiyar Satumba, bayan yara sun koma makaranta. Ya zo ƙofar gidana yana faɗa da Turawa, da dokokinsu, da tsohon da ya sayar masa da mota bai gaya masa ba. Ni ko kallona bai yi ba, kuma na tabbata bai tuna na taɓa buɗe baki ba.

Latifa ta bari ya sauke, sannan ta ce a hankali, "Baban Jannat, hutun nan ba ya ɗaguwa. Tunda tafiyar ta fasu, ka yi min izini in je in ga Baba."

Ya waiga ya ga ina tsaye da carbi a hannu. "To ki je mana. Wa ya taɓa hana ki?"

Kwana goma sha tara ta yi a Funtuwa. Da ta dawo ta ce min ranar da ta isa, tsohon ya sa ta durƙusa a gabansa, ya bi fuskarta da tafin hannu tun daga goshi har haɓa, ya ce ta rame, Ingila babu abinci ne? Ita ta riƙa wanke masa ƙafa safe da yamma. Ya rasu a watan Oktoba, rediyon tana gefen matashinsa.

Da aka yi zaman ta'aziyya a nan gidan Taufiq, baƙi suka zo daga Manchester, wuri ya yi kaɗan, aka sauki maza huɗu a cikin motar. Shi ne kwanan farko da aka taɓa yi a cikinta. Da safe na kai musu koko, na tarar Taufiq ya baza taswira a kan gadon, yana nuna wa masu ta'aziyyar surukinsa hanyar nan mai lanƙwasa arba'in, da giyar da zai sa a kowacce.

Motar tana nan a ƙofar gidana, gansakuka ta fara fito mata a rufi. Ya ce baɗi.