Cin da Rosaire Kaska Ya Ƙi Karɓa

A garin Lac-Brûlot, can arewacin Quebec a ƙasar Kanada, idan ka ce Rosaire Bellavance sai mutane sun tsaya tunani. Amma kana cewa Kaska, ko tsohuwar da ba ta taɓa leƙa filin ƙanƙara ba sai ta nuna maka gidansa. Direban motar madara ne. Ranakun aiki yana bin gonaki yana kwasar madara, ran Lahadi kuwa ana tashi daga coci sai ya ɗaura takalman sulu, ya ɗauki sandarsa, ya shiga fili a matsayin ɗan gaba na ƙungiyar wasan hokin ƙanƙara ta garin. Abin da ake biyansu ko man mota ba ya isa, amma dai sunansu 'yan wasan albashi.

Aikin ɗan gaba shi ne jefa faifai a raga, wato ɗan kewayayyen abin roba da ke madadin ƙwallo a wasan, kuma wannan ne kaɗai abin da Rosaire bai iya ba. Yana da gudu, yana da ƙarfi, ba ya gajiya, amma da zarar an miƙa masa faifai a bakin raga sai ya aika shi cikin 'yan kallo. Ranar da ya tsinke wa fadan coci hula da faifai, sai kocinsu Ovide ya ja shi gefe.

"Rosaire, ka ga mai lamba tara ɗin can? Duk inda ya sa ƙafa, ka sa taka. In ya yi atishawa kai za ka share hanci. Raga kuwa ka manta da ita, don Allah, muna da iyali a wurin nan."

Mai lamba taran shi ne Aurèle Lachapelle na garin Saint-Zénobe, gwanin da ya fi kowa ci a duk yankin, mai gashi kwance da mai, wanda 'yan mata ke zuwa kallo ko da ba su san dokar wasan ba. Tun daga ranar Aurèle bai sake samun sukuni ba. Rosaire ba ya duka, ba ya zagi, ba a taɓa korarsa daga fili ba. Mannewa kawai yake yi. Aurèle ya ɗaga sanda zai buga, sai ya ji an ɗage masa ita daga ƙasa, faifan ya tafi. Ga kuma surutu.

"Aurèle, motar nan taka tana shan mai kuwa? Ni tawa tun kaka take wani irin kuka."

"Kai, rabu da ni!"

"Ina zan rabu da kai, aiki aka sa ni. Ka ci tafarnuwa yau ko?"

Wata rana Aurèle ya gaji ya nufi bencin ƙungiyarsu don ya huta. Rosaire bai ji an ce masa ya tsaya ba, sai ya bi shi ya haura, ya zauna kusa da shi a tsakiyar abokan hamayya, har ya miƙa hannu a ba shi ruwa. Aurèle ya miƙe ya yi ihu, "Ku cire mini kaskar nan daga jiki!" Sunan da ya bi shi ke nan.

Cikin waɗanda suka yi dariya har da hawaye a ranar akwai Ghislaine, ƙanwar Aurèle, ma'aikaciyar jinya. Tun tana ƙarama take jin ana yabon yayanta, ba ta taɓa ganin wanda ya sa shi haushi kamar ƙaramin yaro ba. Bayan wasa ta tare Rosaire a wajen ajiye motoci ta ce tana son ganin fuskar mutumin da bayansa kawai ta sani. Kafin ƙanƙarar baɗi ta sauka an ɗaura aure.

Surukarsa, Madam Lachapelle, ba ta taɓa yafe masa ba. Duk ranar da suka je cin abinci, sai ta zuba wa Aurèle miyar wake da naman alade har tana zuba, ta juyo kan Rosaire da rabin ludayi.

"To, ɗan gaba, nawa ka ci bana?"

"Mama, ai ba ci aka sa ni ba. Hanawa nake yi."

"Hanawa! Ka ji sana'a. Ko ƙofar gidana ai tana hanawa, ban ga an saya mata riga mai lamba ba."

Rosaire sai ya yi murmushi ya miƙa kwano a ƙara masa. A ransa ya daɗe da daina jin kunyar rashin ci. Har alfahari yake yi da shi, kamar mutumin da bai taɓa shan taba ba.

Shekaru suka tura, gashinsa ya fara furfura, sai shugabannin gasar suka ga manyan ƙungiyoyin birni suna ba da kofi duk shekara ga ɗan gaban da ya fi iya tsaro, suka ce su ma za su yi nasu. Kowa ya san na wane ne. Rosaire ya sayi sabuwar kwat tun kafin a gama kakar.

Sai ga wasan ƙarshe, da Saint-Zénobe. Ana kunnen doki, lokaci ya kusa cika. Rosaire na manne da Aurèle a gaban ragar Saint-Zénobe, ya ba ragar baya, yana tambayarsa ko zai ara masa tsani ran Asabar. Wani ɗan bayan Lac-Brûlot ya narko faifai daga nesa. Faifan ya daki Rosaire a mazaunai, ya karkata, ya wuce ta tsakanin ƙafafun gola.

Fili ya kaure. Aka yi ta jifa da huluna, mai sayar da soyayyen dankali ya bar kaskonsa ya fito yana rawa, koci Ovide ya rungume wanda bai sani ba. Abokan wasa suka yo kan Rosaire da gudu, shi kuwa ya kauce musu, ya nufi alƙalin wasa yana dafe da baya.

"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne."

"Kai ne, Kaska. A jikinka ya taɓa."

"Ban ma gan shi ba! Ka rubuta wa wanda ya bugo. Kofin nan na mai hanawa ne, yanzu za a ce na koma ci."

"Ni dai abin da na gani zan faɗa."

Rosaire ya juya neman shaida, bai ga kowa kusa ba sai surukinsa. "Aurèle, kai ne ka fi kowa sanina. Gaya masa ba halina ba ne."

Aurèle, da aka cinye su yanzun nan, ya dafa sanda yana dariya har ya durƙusa a kan ƙanƙara. Da ya samu numfashi sai ya ce wa alƙali, "Na rantse shi ne. Da gangan ma ya yi, na ga lokacin da ya saita."

Aka sanar da sunansa a lasifika, garin ya kwana biki, shi kuwa ya koma gida kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ghislaine tana ɗora masa tsumma mai sanyi a wurin da ya kumbura tana cewa, "Kwantar da hankalinka, maigida. Duk wanda ya ga cin nan ya san ba gwaninta ba ce."

Gaskiyarta kuwa. Da bazara ta shigo aka yi walimar rana a zauren coci, aka kira sunansa ba tare da ko mutum ɗaya ya yi gardama ba. Ya karɓi kofin da hannu biyu, idonsa ya ciko, ya ce ya gode wa koci, ya gode wa matarsa, sannan ya duba saman kofin. Ɗan mutum-mutumin tagulla ne a kai, ya ɗaga sanda sama zai narka faifai a raga. Shagon da aka saya ba su da wani iri.

Washegari da ya gama kai madara ya biya wajen mai walda. Ya sa aka lanƙwaso sandar ƙasa, aka ɗan sunkuyar da mutumin, aka juya masa kai gefe kamar yana duban wani. Mai walda ya ce yanzu ya fi kama da mai neman makullinsa da ya faɗi. Rosaire ya ɗaga kofin, ya dube shi ta ko'ina, ya ce haka ɗin ya yi daidai, ya ɗora shi a kujerar gaba ta motar madara ya ɗaura masa bel.