Gundolf da Duwatsunsa na Ranar Lahadi

Ka taɓa fasa dutse ka fitar da wuƙar da za ta yanka nama? Ni na gwada sau talatin da bakwai, biyu na samu.

Maƙwabcina a lambu, Gundolf Rehbein, shi ya koya min. Shekara arba'in yana shimfiɗa tayil a gidajen garinmu Mettmann, a Jamus. Da ya yi ritaya sai ya koma fasa dutsen ƙyastu, irin yadda Neandertal, mutanen farko na kwarinmu, suke yi kafin su ƙare. Takaicinsa ɗaya: sunansu ya zama zagi. Direba ya sha gabanka, Neandertal. Wani ya yi gyatsa a tebur, Neandertal. A wata guda na ji sau ashirin da shida.

So yake mutane su gani da idonsu cewa Neandertal ba daƙiƙai ba ne, shi ya sa yake fasawa ranar Lahadi, lokacin da kowa ke lambu. Lahadi kuwa ranar hutu ce, a dokar ƙungiyar lambunanmu ko ƙusa ba a bugawa. Takardar gargaɗi biyu ya samu. Ta uku ta zo da cewa ƙungiya za ta karɓe lambun, har da tuffa ukun da marigayiya matarsa ta dasa.

A taron ƙungiya shugaba, Frau Tönnes, ta ce, "Herr Rehbein, nan ba kogo ba ne. Ku daina mana halin Neandertal."

Gundolf ya zazzage bokitin duwatsu a tebur. "Ranki ya daɗe, tunda daƙiƙai ne, ga aikinsu. Fitar min da wuƙa ɗaya, in bar lambun yau."

"Da faratan nan da na gyara jiya?"

"Su ma da farata suka yi."

Mutum goma sha huɗu suka gwada. Yatsu tara sun yi jini, wuƙa ko ɗaya babu. Gundolf ya buga sau uku, ya yanka burodin taron da abin da ya fito.

Aka kaɗa ƙuri'a, goma sha ɗaya da takwas. Lambu nasa ne, amma fasa dutse sai Talata, ranar da ba kowa.

Muna fitowa, wani ya tare motar shugaba. Ta sauke gilashi: "Kai, Neandertal!"

Ashirin da bakwai. Gundolf ya ɗauki bokitinsa ya wuce.

Don Allah, kafin ka zagi wani da sunan nan, nemi duwatsu biyu ka gwada. Ka ƙirga yatsunka kafin ka fara.