Tabarma a Bakin Shago

Shagona na ɗinki a Gwarzo yana kan layin da ruwa ke bi idan damina ta kankama. Shekarar da ruwa ya shiga ya ɓata mana shaddojin mutane, na kira magini ya ɗaga daɓen shagon har kusan gwiwa, ya matse ƙofar saboda feshi. Duk telolin layin haka suka yi.

A lokacin akwai wani mutumin Dugabau da yake yi mini aikin hannu: kalmasa, gidan maɓalli da aikin wuya. Shan inna ce ta shanye masa ƙafafu tun yana goye. A keken guragu yake zuwa, ya ajiye shi a gindin darbejiya, ya zura silifas a hannu ya ƙaraso. Da aka ɗaga daɓen, shiga ta gagare shi sai an ɗauke shi, shi kuwa ya ce ba wanda zai sungume shi kamar buhun gero a gaban jama'a. Sai na shimfiɗa masa tabarma a rumfar ƙofa, da tasar maɓallai a gefensa.

Mutanenmu in suka ga gurgu zaune a bakin hanya da tasa, ba sa duba abin da ke hannunsa. Ranar kasuwa mata na wucewa suna jefa masa canji, wata ma har da ƙosai.

"Hajiya, dawo ki ɗauki kuɗinki, aiki nake yi!"

"Allah sarki, ga shi da zuciya," in ji ta, ta yi gaba.

Mu da ke ciki a kan kekuna sai dariya. Wani ya leƙo ya ce, "Malam, yau kai za ka saya mana fura, kasuwarka ta fi tamu ci."

Yakan ce, "Sauko mu yi musanya, kai ka fi ni kama da mabuƙaci."

Abin da ya roƙe ni ba mai yawa ba ne. A fasa gefen matakalar a yi gangare, a buɗa ƙofar kaɗan, a sauko masa da kan keken ɗinki ɗaya bisa gajeren tebur a sa masa mariƙin hannu. Na ce bayan Sallah. Sallah ta wuce na ce bayan kaka.

Wata rana da la'asar ya jira kowa ya tafi masallaci, ya ce, "Baba, aure nake nema a Getso. Mahaifinta ya ce shi ƙafa ba ta dame shi ba, daga Allah ce. Amma ba zai ba mabaraci 'yarsa ba. Ya ce zai zo da kansa wata ranar kasuwa ya ga sana'ata."

"Wace ranar?"

"Bai faɗa ba. Don Allah, Baba, ka shigar da ni ciki."

Azumi ya gabato, ɗinki ya taru har rufi. Na ce masa ƙurar siminti za ta lalata kayan mutane, ya ɓoye tasar kawai. Ya ɓoye. Sai suka koma jefawa a kan tabarma.

Ranar da dattijon, mahaifin yarinyar, ya zo ban san shi ba ne. Na dai ga wani dogo da sanda ya daɗe tsaye wajen mai goro, yana kallon ƙofarmu. A kan idonsa wata tsohuwa ta sunkuya ta ajiye kuɗi a kan rigar da ake wa aikin wuya. Mutumin Dugabau ya ɗaga kai zai kira ta, ya ga dattijon, sai ya fasa.

Dattijon ya tsallako ya yi sallama. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki da zafi, ya faɗi daga inda yake. Na sauko da sauri na ɗauko rigar na nuna masa.

"Alhaji, dubi wannan. Hannunsa ne. Ma'aikacina ne, wallahi ba bara yake ba."

Ya juya rigar, ya shafa zaren da yatsa. "Aiki ya yi kyau. Waɗancan na ciki fa, su ma ma'aikatanka ne?"

"Su ne."

"To me ya sa shi yake waje?"

Na soma zancen ruwa da magini. Ya saurare ni har na gama, ya miƙo mini rigar, ya ce Allah ya sa albarka a sana'a, ya tafi.

A makon na sa aka fasa matakalar, ana tsakiyar ɗinkin Sallah. Yini guda magini ya yi, ƙurar kuma zane muka rufa wa kaya ta wuce. Na hau mota zuwa Getso na ba da haƙuri. Dattijon ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini nono, ya ce abin da idonsa ya gani mutanen garinsu masu cin kasuwar Gwarzo sun daɗe suna gani, ba zai iya bi gida gida yana yi musu bayani ba. Kafin damina aka ɗaura wa yarinyar aure da wani.

Na zaci mutumin Dugabau zai bar ni, har na ce masa in ya tafi ba zan ga laifinsa ba. Yana cikin shago yana juya mariƙin kekensa na ɗinki, bai ɗago ba.

"In tafi ina, Baba? Duk garin nan shagonka ne kaɗai nake iya shiga."