Akwatin ɓeraye da maƙerin Tsafe

Shekara arba'in ina yaƙi da ɓeraye a kan littattafaina na fiƙihu, sai Allah cikin hikimarsa ya ba ni 'ya wadda aikinta kiwonsu ne. Fararen ɓeraye take yi wa allurar rigakafi a ɗakin bincike, domin a gane yadda garkuwar jiki ke tunkarar cuta.

Wata ƙaramar Sallah ta zo Gusau da zanen wani ɗan akwati da ta ƙirƙiro, mai riƙe ɓera a hankali har a ɗebi jininsa. Ta ce ɓeran da ya firgita jininsa kan sauya, gwajin ya lalace. Ranar Asabar za ta nuna wa shugabanninta. In ba ta kai shi a ƙere ba, za a jingine maganar.

Na ce ta kwantar da hankalinta, ina da maƙeri a Tsafe wanda ya yi karatu a zaurena. Ni na kai masa zanen, kuma iyakar bayanina shi ne: "Na ɓera ne."

Ranar Alhamis muka koma tare. Maƙerin ya fito da akwatin, ya zura kara a ciki, ƙofar ta faɗo tas, karan ya rabu biyu.

"Malam, zanen Hajiya ya cika tausayi, sai na ƙara mishi ƙarfe mai tsalle. Ko gafiya ta shiga, sai dai sauranta."

'Yata ta dafe kai. "Baba, me ka ce masa?"

"Gaskiya na faɗa, 'yar nan, sai dai ban cika ta ba."

Da ya ji da rai ake son ɓeran, maƙerin ya dube ni. "Malam, masauki za a yi mishi ke nan? A sa tabarma?"

Ita kuwa ta tsaya tana ɗaga ƙofar tana saki. Ashe abin da zanenta ya rasa ke nan: ƙofa mai rufe kanta. Suka naɗa wa ƙarfen robar tayar keke har ya koma sauka a sannu.

Washegari bayan sallar Juma'a muka gwada shi a rumbun ƙanena a Bungudu. Wani ɓera ya shiga, ƙofa ta rufe, ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Ranar Asabar aka karɓi akwatin.

Na sa an ƙera mini irin na farkon, marar roba. Yana bayan littattafaina, amma har yau na kasa ɗana shi.