Allurar Mai Ta Kwanta a Hanyar Maƙabarta

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Treichville ya san Nomau mai bashe. Ɗan Konni ne, ya zo Abidjan da jaka ɗaya tun yana saurayi, yau ga shi furfura ta cinye gemu. Motarsa tsohuwar bashe ce, wato akori-kura mai rumfa a baya, mai shan man gazuwal, fara ce a da, yanzu kam sai dai a ce launin ƙasa. Da ita yake kwaso dilolin 'yan kasuwa daga bakin tashar jiragen ruwa zuwa shagunan Adjamé. Ga taurin kai kamar me. Ka ce ya kauce wa rami, sai ya ce ramin ya san shi.

Amma yana da hali guda da ya sa ake yafe masa sauran. Idan aka yi rasuwa a unguwa, shi ke ɗaukar katakon rufe kabari da jarkokin ruwan kwaɓa ƙasa, da tsofaffin da ba su iya kokawar shiga gbaka, ƙananan bas ɗin haya na garin, ya kai su maƙabartar Williamsville. Bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Injin motar nan kuwa hannu ɗaya ya sani, hannun Mika'ilu bakanike na unguwar Arras. Tun suna samari suke tare. Mota ta yi tari, Nomau ya buga waya, Mika'ilu ya fara da zagi: ƙazami, inji duk dauɗa, sannan ya gaya masa abin yi.

Ranar da Mika'ilu ya rasu, Nomau bai yi kuka a gaban mutane ba. Tiyon ruwa ya ɗauko ya wanke motar tas, har ya ɗaga kapo, murfin gaban motar, ya feshe injin, wai kada ya raka mutumin da ƙazanta. Aka yi sallah bayan azahar, motar gawa ta wuce gaba, shi yana biye da katako da ruwa da dattawa a baya.

Suna shiga Adjamé, idonsa ya faɗa kan allurar da ke nuna hawan baƙin mai a inji. Ta kwanta a sifiri. Ya ratse gefe ya kashe mota, masu gbaka suna ta danna masa oda suna zaginsa da Julanci. In ya ci gaba alhali mai ba ya hawa, inji zai ƙone kafin su kai. In ya tsaya, can ga kabari a buɗe, babu abin rufewa.

Bai san lokacin da ya ciro waya ya danna lambar da ya saba ba. Sai da ta yi ƙara ya tuna wanda yake kira. Kafin ya katse aka ɗauka.

"Malam Nomau?" Muryar Ladidi ce, matar marigayin, ta dishe don kuka.

"Hajiya, ki gafarce ni. Hannu ne ya saba."

"Motar ce ko?"

Kunya ta kama shi. Ya ce, "Allurar mai ce ta kwanta."

Shekara da shekaru tana zuba wa mijinta abinci yana faɗa da wannan mutum a waya, ashe duk yana shiga kunnenta. Ta ce, "Da cewa zai yi ka zaro sandar awon mai tukuna."

Nomau ya zaro, ya goge da gefen rigarsa ta zuwa jana'iza, ya mayar ya sake zarowa. Mai yana nan cike. Ya leƙa ƙarƙashin mota, ba ɗigo ko ɗaya.

"To buɗe murfin da ake zuba man, a tayar da motar kaɗan, ka duba ko yana fantsama. Kuma ka saurara ko inji na bugu."

Wani dattijo ya sauko ya murɗa makulli. Mai ya fantso har fuskar Nomau, inji yana tafiya lafiya lau.

"Yana hawa, Hajiya."

"To ba famfon mai ba ne. Akwai wata 'yar wayar lantarki kusa da filtar mai, ita ke kai wa allurar saƙo. Kullum sai ya ce kada ka bari ruwa ya taɓa ta."

Nomau ya cusa hannu. Ga ta nan tana lilo, kanta ya yi tsatsa, ƙarfin tiyo ya fizge ta. Ya kankare da farce, ya matse da haƙori, ya mayar. Allura ta miƙe.

A nan ne kukan ya ƙwace masa, a bakin titi, kansa cikin kapo, wayar na kunnensa. Dattawa suka kau da kai.

"Wanke ta na yi, Hajiya. Don kada ya ce mini ƙazami."

Ya ji ta ja hanci, kamar dariya kamar kuka.

"Allah Ya saka da alheri. Rufe kapo ka tafi, Malam Nomau. Kada ka bar mini shi a rana."