Kofin da Mai Shayi Ya Ƙi Kurɓa

Wagga tafiya na yi ta ana tsakiyar kwasar albasar rani, a satin da rijiyar bakin masallacinmu ta ƙafe, ba a kai ga ganin watan azumi ba. Mun tashi da asuba daga Gumbin Kure, ni da matar autana, tana rungume da kular tuwo kamar jinjiri.

Ga abin da ya fitar da ni. Autana lodin albasa yake yi a Aliero, magidanci ne da ɗiya uku. Sai labari ya ishe mu wai ya faɗo daga saman babbar mota, ƙafa ta karye, yana kwance gidan masu ɗori. Abokan aikinshi suka ce wani koren gari ne ya juya mishi kai, kiratom sunanshi, mai shayin tasha ke zuba musu don su jure ɗaukar buhu. Ɗana na fari, wanda ba ni faɗin sunanshi, ya tara samari za su je su farfasa teburin mai shayin. Ni kuwa na hango ƙarshen abin: ɗaya kwance da karaya, ɗaya a gidan yari. Na ce ya dakata in je in gani da idona. Ya ce, "To, Inna. Amma in kika dawo ba da wata magana ba, tafiya zan yi."

Ɗan kabu-kabu ya kai mu Maiyama, ƙugu na ta ƙara. Hanyar da na sha takawa da kaya a kai ba ta taɓa gajiyar da ni haka ba. A tasha muka sayi ƙosai. Ƙosan yanzu sai ka jefa biyu a baki kafin haƙori ya san an yi baƙo. Kuɗin mota kuwa, a zamanin ƙuruciyata da akuya za ka saya har ka rage na igiya.

A motar Jega aka cusa mu baya da wata Kirista mai aiki asibitin gwamnati. Mace mai ladabi, ta bar mini gefen taga. Da ta ji abin da ke tafe da mu, ta ce ta san garin, ganyen wata ƙasa ne ta bayan teku, kaɗan yana wartsake mutum, da yawa yana sa jiri, kuma yana kama jiki har a kasa bari. A wurinta laifin mai sayarwa ne kaf. Direba ya ce sam, wanda ya zaro kuɗinshi ya buɗe bakinshi shi ya san inda ya nufa. Suka yi ta ja har muka wuce Mungadi. Ni dai ina kallon gonaki. Ba ni yanke shari'a a cikin mota.

Gulbin Jega ya ja baya, bakinshi kore shar da tattasai da albasa, masunta na tura kwalekwale a hankali. Cikin gari kuwa hayaniya ce, kowa na danna oda kamar shi kaɗai ke da uzuri. Muka ci soyayyen kifi a tsaye, muka sake mota.

Aliero hanci ke fara isa kafin ido. Buhuna tsibi-tsibi a bakin titi, majiya ƙarfi na hawa da su kan katako zuwa saman manyan motoci. Na kalli tsawon motocin nan, irin wadda autana ya faɗo daga samanta.

Gidan masu ɗori cike yake, har da mutanen Nijar, kowa da ƙafa ko hannu a ɗaure cikin karare. Na ishe autana ya rame, yana ta zufa da hamma. Mai ɗorin ya ce ƙashin zai haɗe da yardar Allah. Auta ya kama hannuna ya ce, "Inna, mai shayin nan ya cuce ni." Na ce sannu. Na sunkuya in gyara mishi matashi, yadda kowace uwa za ta yi, sai hannuna ya taɓo ƙulle-ƙullen leda, koren gari a ciki.

Na ce, "Wanga fa, mai shayin ya biyo ka da shi har nan?"

Ya kau da kai. "Ni na aika, Inna. In ban sha ba, duk jikina ciwo yake."

Matarshi ta juya baya tana ta buɗe kular da ta riga ta buɗe. Na kwashe ledojin na ɗaure a bakin zane, na kira mai ɗorin na nuna mishi, don ya san da wa yake zaune.

Daga nan na nufi tasha ni kaɗai. Mai shayin ba dodo ba ne, dattijo-dattijo ne da furfura a gemu, teburinshi tsaf. Masu lodi na zaune a benci. Ya ce, "Sannu da zuwa, Inna. Mi za a ba ki?" Na ce irin wanda yake ba su, da garin. Aka yi dariya. Ya haɗa, ya juya, ya miƙo. Na tura mishi kofin.

"Kurɓa tukuna."

Don ku sani, ni tun ina budurwa nake zama layin masu magani a kasuwar Maiyama, gadon uwata. A layinmu ba a miƙa wa mutum jiƙo sai mai shi ya kurɓa a gabanshi. Ko na jinjiri ne, sai ka ɗiga a harshenka. Wanda ya ƙi, ba ya ƙara shimfiɗa tabarma cikinmu.

Ya yi murmushi. "Haba Inna, ni ba ni sha."

"Don mi?"

"Ina da iyali. Kuma ban tilasta kowa ba, da ƙafarsu suke tahowa."

Na ce, "Gaskiyarka, da ƙafarsu suke tahowa. Amma ka taɓa gaya musu kai ba ka sha?"

Wani daga cikin masu lodin ya leƙa kofinshi, ya tuntsurar a ƙasa. Wani kuwa ya ɗaga nashi ya shanye tas, yana kallona ido cikin ido. Na biya kuɗina, na bar kofin yana huci a gaban mai shi.

Matar auta na baro ta can tana jinya. Na biyo Jega, na biyo Maiyama, na iso gida rana na shirin faɗuwa. Ɗana na fari na ƙofar gida, samarinshi na tsugune jikin katanga. Na ba shi labarin kofin, ya miƙe zumbur. Sai na kwance bakin zane na zuba mishi ledojin a tafin hannu.

"Waɗanga ƙarƙashin kan ƙanenka na ciro su. Shi ya aika, yana kwance da karaya. In duka za ka yi, ka fara da gidan masu ɗori."

Ya kalli ledojin da ke hannunshi. Sannan ya ce wa samarin kowa ya tafi gida. Washegari ya hau mota shi kaɗai, ya je ya tare wurin ƙanenshi, don kada a ƙara aiken kowa tasha.

Abin da na gano a wagga tafiya, da ma'aikaciyar asibiti da direba kowa rabin magana ya riƙe. Mai sayar da abin da yake tsoron kai wa bakinshi yana da nashi kaso na laifi, Allah kuma na ganinshi. Amma fasa teburinshi ba zai rufe bakin autana ba, wanga aikin autan ne da kanshi.

Mu da muka zauna wancan layi na Maiyama duk an tafi. Saura ni da Kulu ta Mungadi, idonta ya mutu, amma har yau in jikokinta za su sha jiƙo, ita ke fara kurɓa.