Libarbar da Kawu Ya Yaba

Shekarar da na sauka Paris karatu, kawuna ne ya karɓe ni, ƙanen mahaifiyata, mai sayar da shadda a wani ɗan shago a unguwar Goutte d'Or. A satina na biyu muna tafiya tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sanyi yana cin ƙashina, na dubi baƙin manto, babbar rigar sanyin da ke jikinsa, na ce, "Kawu, manton nan ya yi kyau." Ban gama rufe baki ba ya tuɓe shi ya yafa mini. Na yi rantsuwa, na yi magiya, bai ko kalle ni ba. Haka ya ƙarasa gida da rigar shadda kaɗai yana kyarma, yana cewa wai shi zafi ma yake ji.

Haka muka taso a Maraɗi: in ka yaba abin mutumin kirki, ya zama naka. Bayan manto na ci agogonsa, na ci wata 'yar rediyo, duk da suɓutar baki, kafin na koyi kame harshena.

Na gama karatu, na samu aiki a Lyon a wani ɗakin gwajin ruwan sha, na yi aure, muka kama gida kusa da unguwar Guillotière. Tun daga nan nake dakon rana guda: ranar da Kawu zai yaba wani abu nawa, in ɗauka in miƙa masa. Yakan hawo jirgin ƙasa ya zo mana sau biyu ko uku a shekara. Na sa sabon agogo na yi ta ɗaga hannu a gabansa kamar mai korar ƙuda. Na shimfiɗa darduma mai laushi daidai inda yake salla. Sai ya duba ya ce, "Allah ya sa albarka," ya ci gaba da shan shayinsa. Addu'a ce, na sani, amma ba ita nake nema ba. Abin ya yi mini ciwo shekara da shekaru, har na fara zaton babu abin da na mallaka da ya kai ya burge shi.

Harbi kuwa wani abokin aikina ne ya ja ni. Ya kai ni kulob ɗinsu na harbin bindiga wata Asabar, aka toshe mini kunnuwa, aka nuna mini takarda mai baƙin da'ira can nesa. Na zaci hayaniya zan tarar, sai na tarar da natsuwa: ka tsaya, ka saki numfashi, ka manta da kowa. Na daɗe ina aron bindigar kulob kafin in nemi tawa. Takardar likita, shaidar kulob, izinin hukuma, akwatin ƙarfe da aka ɗaure a bango, duk sai da na cika. Matata ta ce ko lokacin neman aurenta ban yi wannan zirga-zirgar ba.

Abin da nake so bai da yawa: ƙaramar bindigar hannu mai tulu mai juyawa, wadda ke cin harsashi mai lamba ashirin da biyu. Shi ne mafi araha, ba ya ture hannu, ƙararsa kuma ba ta firgita mutum. Izinin ya fito Kawu yana gidanmu, ya ce ƙafarsa ƙafata. "Libarba za ka saya ba ni wurin? Su cuce ka?"

Mai shagon bindigogin, wani dattijon Bature mai tabarau a goshi, ya jera mana uku. Ni idona yana kan wata sabuwa mai walƙiya, mara nauyi, mai sauƙin kuɗi. Kawu bai taɓa harba ko gwafa ba, amma ya shekara talatin yana gane shadda da yatsa. Ya ɗauki sabuwar ya jinjina, ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya ajiye.

"Wagga hoto ce," ya ce mini. "Ka ji tana ƙwaras-ƙwaras?"

Ya ɗauki ta ukun, wadda aka taɓa amfani da ita, mai dogon baki, katakon mariƙinta ya yi santsi. Ya kai yatsa zai ja kunamar, mai shago ya yi wuf ya dafa hannunsa, ya bayyana cewa irin wannan ba a ɗana ta babu harsashi, tana lalacewa. Kawu ya ba shi haƙuri da faransancinsa na kasuwa, sannan ya juyo gare ni.

"Duba inda hannu ya cinye katako, amma ƙarfen ko tabo babu. Mai ita ya so ta. Ita za ka ɗauka."

Mai shago ya gyaɗa kai, ya ce nauyin nan ma shi zai hana hannuna rawa. Daga nan Kawu ya shiga ciniki, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata don kunya. Ba a rage ko sisi ba, amma mun fito da burushin goge bindiga kyauta, Kawu yana tafe kamar ya ci yaƙi.

Washegari ya raka ni kulob. Ya zauna bayan gilashi, abin toshe kunne bisa hularsa, yana kallo. Harbina ya taru wuri guda fiye da yadda ya taɓa yi. Da la'asar ina goge ta a teburin kicin, ba harsashi a kusa, ya jawo kujera ya zauna. Ya daɗe yana dubanta.

"Kai," ya ce a hankali, "wagga aba ta yi kyau."

Kalmar da na shekara kusan ashirin ina jira ke nan, ga ta ta zo a kan abu ɗaya tak da ba ni da ikon bayarwa. Sunana ne a takarda, in na miƙa masa mu biyun duka mun shiga uku. Na ji hawaye na neman zubo mini, ni babba mai 'ya'ya biyu.

"Kawu, ka gafarce ni. Wannan doka ba ta bari in ba ka."

Ya yi dariya har hularsa ta goce.

"Na sani mana. Ba ni na ji Baturen na yi maka bayanin dokar ba? Don haka na yaba." Ya shafa teburin da tafin hannunsa. "Gidanka ya yi kyau, ɗana. Dardumar nan ta yi kyau, agogonka ma. Tun yaushe nike son in faɗa. Amma na san ka: da na buɗe baki, da yanzu kana zaune bisa siminti."

Matata tana bakin ƙofa da tiren shayi. Ya dubi tiren, ya buɗe baki, ya sake rufewa.

"Allah ya sa albarka," ya ce.